Bazi: Yadda Masu Duba na Ƙasar Sin Ke Gane Sinadari Mai Taimako da Mai Cutarwa

A ƙasar Sin, da Taiwan da Hong Kong da Singapore da unguwannin Sinawa na Malesiya, har gobe akwai gidajen da ba sa raɗa wa jariri suna sai an rubuta shekara da wata da rana da sa'ar haihuwarsa an kai wa mai duba. Shi kuma ya mayar da kowane ɗaya cikin huɗun nan haruffa biyu, ɗaya a bisa ɗaya a ƙarƙashinsa, su tashi takwas. Sunan abin ke nan, Bazi, wato haruffa takwas. Abin da iyaye ke ɗokin ji shi ne: cikin sinadarai biyar, itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa, wanne ne zai taimaki yaron nan, wanne ne kuma zai cuce shi?

Amsar bakin titi ba ta da wuya: a ƙirga, wanda babu shi ake buƙata. Wannan fahimta ta daɗe a cikin jama'a. A wani gajeren labari da marubucin Sin Lu Xun ya buga a 1921 akwai yaro mai suna Runtu, wanda mahaifinsa ya sa masa harafin "ƙasa" a suna don an ce sinadaransa ba su da ƙasa. Amma waɗanda suka karanci fannin a littattafansa suna ɗaukar wannan ƙirge a matsayin tuntuɓen farko na ɗan koyo. A wajensu sinadari zai iya ɓacewa daga jadawali, wato jerin haruffa takwas ɗin, rashin nasa ya zama shi ne alheri, wani kuma ya fito har sau uku a ce ana neman ƙari. Awo ake yi, kuma awon yana da matakai.

Sai dai a san matsayin abin tun daga farko. Bazi duba ne. Babu wani gwajin kimiyya da ya tabbatar yana faɗin abin da zai faru, hukuncin duba kuma sananne ne ga Musulmi, gaibu na Allah ne. Abin da ke nan bayani ne kan yadda tsarin ke aiki a hannun masu shi, domin ya shiga sunayen mutane da ranakun ɗaurin aure da ranakun buɗe shago a ƙasar Sin tsawon shekara dubu da wani abu. Wanda ya san hisabi irin na gida kada ya ɗora wannan a kan wancan: hisabi yana da ɗabi'u huɗu, wuta da ƙasa da iska da ruwa, nan kuwa babu iska, akwai itace da ƙarfe, kuma ba sunan mutum ake lissafawa ba, lokacin haihuwarsa ne.

Maigida da mutanen gidansa

Haruffan bisa ana ce musu kara, guda goma ne, kowane sinadari da biyu, na farko yang, wato mai ɗabi'ar namiji, na biyu yin, mai ɗabi'ar mace. Jia babban itace ne, Yi ciyawa ko yaɗo. Bing rana ce, Ding wutar fitila ko ta maƙera. Wu tudu ne, Ji ƙasar noma. Geng gatari, Xin ƙarfen ado irin zobe. Ren kogi, Gui raɓa ko yayyafi. Haruffan ƙarƙashi su ne rassa, goma sha biyu, dabbobin nan da aka sani a kalandar Sinawa. Damisa da Zomo itace ne, Maciji da Doki wuta, Biri da Zakara ƙarfe, Alade da Ɓera ruwa, sai Dodo da Akuya da Kare da Sa, su huɗu ƙasa.

Kowane reshe yana ɗauke da karare a cikinsa, a ɓoye. Ɓera da Zomo da Zakara ɗaya-ɗaya gare su, Doki da Alade biyu-biyu, sauran bakwai kuma uku-uku. Dodo, alal misali, ƙasa ne a fuska, amma a cikinsa akwai Wu da Yi da Gui, wato har da ɗan itace da ɗan ruwa. Biri ƙarfe ne, amma yana ɗauke da Ren. Mai ƙirga haruffa takwas duk waɗannan sun wuce shi.

Sinadaran suna hulɗa ta hanya biyu. Akwai haihuwa: itace yana ciyar da wuta, wuta ta bar toka ta zama ƙasa, ƙasa ta fitar da ƙarfe, ƙarfe ya haifi ruwa, ruwa ya raya itace. Akwai kuma danniya: itace yana tsaga ƙasa, ƙasa ta tare ruwa, ruwa ya kashe wuta, wuta ta narka ƙarfe, ƙarfe ya sare itace.

A zamanin daular Tang, masu duba irin su Li Xuzhong, wanda ya rasu a 813, sun fi jingina da shekarar haihuwa. Daga baya aka mayar da cibiya kan rana, sauyin da ake jingina wa Xu Ziping, shi ya sa har yanzu ake kiran hanyar da sunansa. Karan ranar haihuwa shi ne mutumin da kansa. Mu ce masa Maigida. Sauran haruffa bakwai ana kallonsu ne ta fuskar dangantakarsu da shi. Wanda ke sinadari ɗaya da shi ɗan'uwa ne. Wanda ke haifarsa uwa. Wanda shi yake haifa ɗa. Wanda yake dannewa dukiya. Wanda ke danne shi hukuma. (Waɗannan laƙubba ne na lissafi, 'ya'yan mutum na cikinsa ana duba su ta wata hanya daban.) Uwa da 'yan'uwa suna ƙara wa Maigida ƙarfi. 'Ya'ya suna tsotsarsa, dukiya tana gajiyar da shi, hukuma tana matsa masa.

Awo: lokaci, saiwa, jama'a

Tambaya ta farko, kuma mafi nauyi: Maigida ya sami lokaci? Reshen wata shi ke ba da amsa, kuma ya fi kowane harafi ɗaya a jadawali tasiri. Watannin Bazi ba na ganin jinjirin wata ba ne, na tafiyar rana ne. Watan Damisa yana kamawa wajen 4 ga Fabrairu, a ranar da ake kira Lichun, Zomo wajen 6 ga Maris, Dodo wajen 5 ga Afrilu, a haka har zuwa Sa da ke kamawa wajen 6 ga Janairu. Shekara ma daga Lichun take sauyawa, ba daga Bikin Bazara, wato bikin sabuwar shekarar Sinawa, ba. A 2023 bikin ya faɗo 22 ga Janairu. Jaririn da aka haifa 28 ga watan, a bakin jama'a ɗan shekarar Zomo ne, amma a Bazi yana cikin shekarar Damisa, watan Sa. Kuskure a nan yana ɓata haruffa biyu, wani lokaci huɗu.

Kowane yanayi yana jera sinadarai biyar a matsayi biyar: mai mulki, mai jiran gado, mai hutu, ɗaurarre, matacce. A kaka, wato watannin Biri da Zakara, ƙarfe ke mulki, ruwa na jiran gado, ƙasa na hutu, wuta a ɗaure, itace matacce. A hunturu ruwa ke mulki, wuta ce matacciya. A bazara itace ke mulki, a lokacin zafi kuma wuta. Ƙasa tana karɓar kwana goma sha takwas na ƙarshen kowane yanayi. A kula, bazarar da ake nufi ba irin tamu ta tsananin zafi kafin saukar damina ba ce, lokacin da sanyi ke sakin ƙasa ne a kwarin Rawayen Kogi, itatuwa su fara toho.

Tambaya ta biyu: yana da saiwa? Wato akwai reshen da ke ɗauke da sinadarinsa a ciki? Shen Xiaozhan, malamin ƙarni na 18, ya auna wannan dalla-dalla. Ya ce ɗan'uwa ɗaya a layin bisa bai kai saiwa mafi rauni ba, kamar Jia ya sami Akuya. 'Yan'uwa biyu ba su kai saiwar ragowar yanayi ba, kamar itace ya sami Dodo. 'Yan'uwa uku ba su kai cikakkiyar saiwa ɗaya ba, kamar Jia ya sami Alade ko Damisa ko Zomo. Ya kwatanta 'yan'uwan bisa da abokai masu tallafi, saiwa kuwa da gidan da mutum zai kwana a ciki. Wannan ƙa'ida ba ta tsaya ga Maigida kaɗai ba. Hukumar da ke bisa ba saiwa ba abin tsoro ba ce, uwar da ba ta da saiwa kuma ba ta iya riƙe ɗa.

Tambaya ta uku: yana da jama'a? A nan ne ake ƙirga uwaye da 'yan'uwa a layin bisa, ana kuma duba kusanci. Karan wata da karan sa'a suna maƙwabtaka da Maigida, karan shekara yana nesa, tasirinsa ya fi rauni.

Kafin a yanke hukunci sai an duba waɗanda suka haɗa kai da waɗanda suka yi karo, domin suna iya juya lissafin gaba ɗaya. Karare suna haɗuwa biyu-biyu: Jia da Ji su karkata ga ƙasa, Yi da Geng ga ƙarfe, Bing da Xin ga ruwa, Ding da Ren ga itace, Wu da Gui ga wuta. Rikiɗa ta gaskiya tana buƙatar su kasance maƙwabta, wata kuma ya goyi bayan sabon sinadarin. In ba haka ba sai dai su ɗaure juna, kowa ya kasa aikinsa. Rassa suna haɗuwa uku-uku: Biri da Ɓera da Dodo su yi ruwa, Alade da Zomo da Akuya itace, Damisa da Doki da Kare wuta, Maciji da Zakara da Sa ƙarfe. Karo kuma tsakanin masu fuskantar juna ne: Ɓera da Doki, Sa da Akuya, Damisa da Biri, Zomo da Zakara, Dodo da Kare, Maciji da Alade. Saiwar da aka yi wa karo ta girgiza, ba a ba ta cikakken nauyi.

Ba ƙarfi ko rauni kaɗai ba, mene ne sanadi

Ƙa'idar da kowa ya haddace ita ce: mai ƙarfi a rage masa da 'ya'ya ko dukiya ko hukuma, mai rauni a ƙara masa da uwa ko 'yan'uwa. Gaskiya ce, amma rabi ce. Ba a ba mutum sinadarai uku a ce duk nasa ne. Sai an gano abin da ya jawo ƙarfin ko raunin, domin shi ke nuna wanne za a zaɓa cikin ukun ko cikin biyun.

Maigida ya yi ƙarfi saboda uwa ta yi yawa: dukiya ake nema, don ita ke danne uwa. Wanda ya ba shi hukuma ya ƙara ciwo, tunda hukuma ita ke haifar uwa. Ya yi ƙarfi saboda 'yan'uwa sun yi yawa: hukuma ce za ta tsawata musu, ko 'ya'ya su tsotse su. Dukiya ita kaɗai a nan wawaso za a yi mata, sai in akwai ɗa a tsakani da zai karɓi ƙarfin 'yan'uwa ya miƙa mata.

Ɓangaren rauni ma haka. Hukuma ce ta raunana shi: uwa ake nema, ta sha ƙarfin hukuma ta shayar da Maigida da shi. Dukiya ce ta yi masa yawa: 'yan'uwa ake nema su taya shi ɗauka, domin uwa ba ta tsayawa a gaban dukiya mai yawa, dannewa za a yi. 'Ya'ya ne suka tsotse shi: uwa ce, don tana ciyar da shi tana kuma hana su.

Akwai kuma inda taimako da kansa ke zama cuta. Ƙasa tana haifar ƙarfe, amma in ta yi yawa binne shi take. Ruwa yana raya itace, in ya yi yawa ya tafi da shi. Itace in ya yi yawa yana shaƙe wuta. Danniya ma tana juyewa: itace ya yi tauri gatari ya dakushe, ruwa ya yi yawa ya wanke ƙasar da aka sa ta tare shi. Ƙasa kuma ba iri ɗaya ba ce. Dodo da Sa jiƙaƙƙu ne, suna dusar da wuta suna haifar ƙarfe da kyau, amma ba sa tare ruwa sosai. Akuya da Kare busassu ne, suna tare ruwa, amma ƙarfen da suka haifa mai saurin karyewa ne. Mai dubar da ya ce wa mutum "ƙasa ce taka" ya tsaya a nan, bai gama aikinsa ba.

Sinadarin da aka zaɓa shi ne Yong Shen, mai aiki. Bayansa akwai Xi Shen, mai taya shi; Ji Shen, mai kai masa hari; Chou Shen, mai goyon bayan maharin; da Xian Shen, ɗan ba-ruwana. A ƙa'idar makaranta, in mai aiki ruwa ne, mataimaki ƙarfe ne, mahari ƙasa, mai goyon bayansa wuta, itace ɗan ba-ruwana. Wannan jeri yana da daɗin haddacewa, amma jadawali na gaske yakan karya shi.

Jadawali ɗaya a tafin hannu

A ɗauki haihuwar 28 ga Satumba, 1980, da ƙarfe huɗu na yamma. Shekara: Geng a kan Biri. Wata: Yi a kan Zakara. Rana: Jia a kan Dodo. Sa'a: Ren a kan Biri.

Maigida Jia ne, babban itace. Lokaci bai samu ba. Watan Zakara ne, ƙarfe yana tsakiyar mulkinsa. Geng, gatarin nan, yana bisa da saiwa a Biri biyu da Zakara. Ɗan'uwa ɗaya yake da shi, Yi, amma Yi yana zaune kusa da Geng, sun haɗu, wata kuma na ƙarfe ne, don haka ɗan'uwan ya koma ɓangaren abokin gaba. Saiwa kuwa, ragowar itace ce kawai a cikin Dodo, shi ma Dodon yana manne da Zakara, haɗuwar da ke jan sa zuwa ƙarfe. Maigida mai rauni ne, kuma sanadin a bayyane yake: hukuma ta yi yawa.

Wanda ke riƙe da shi Ren ne na sa'a. Yana kusa, yana da saiwa a cikin Biri biyu, ga Gui a cikin Dodo. Ƙarfe ya haifi ruwa, ruwa ya raya itace. Saran gatari ya koma ban-ruwa. Mai aiki ruwa ne. To a ƙa'idar makaranta mataimakinsa ƙarfe ne, amma a nan ƙarfe shi ne ciwon, ba wanda zai ce a ƙara. Mataimakin gaske itace ne, musamman reshen da zai ba Jia saiwa. Mafi muni kuma ƙasa ce, karan Wu, domin da jifa ɗaya take tare ruwa ta kuma ciyar da ƙarfe.

Mai ƙirge zai ce ƙarfe huɗu, itace biyu, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, wuta babu, saboda haka a ƙara wuta. Wuta tana narka ƙarfe, haka ne, amma da itacen wa za a hura ta? Jia mai rauni ne zai ƙone, ga kuma rikici tsakaninta da Ren.

A bar ranar yadda take, a mayar da haihuwar ƙarfe huɗu na asuba. Sa'a ta zama Bing a kan Damisa. Yanzu Jia ya sami cikakkiyar saiwa, Bing ma yana da saiwa a cikin Damisar. Akwai karo tsakanin Damisa da Birin shekara, amma suna nesa da juna, rassa biyu a tsakani. Itacen yana da abin da zai ba wuta, wuta kuma za ta iya tanƙwara gatari. Mai aiki ya tashi daga ruwa ya koma wuta, ruwa mai yawa ya zama abin gudu don zai kashe Bing. Haruffa shida ba su motsa ba.

Wannan ne ya sa sa'a take da haɗari. Kowace sa'ar Bazi awa biyu ce: Ɓera daga 11 na dare zuwa 1, Sa daga 1 zuwa 3, a haka har Biri daga 3 zuwa 5 na yamma. Ƙasar Sin duk faɗinta agogo ɗaya take bi, na layin digiri 120 gabas, yawancin masu duba kuwa da tsayuwar rana a wurin haihuwa suke aiki. Kowane digiri ɗaya minti huɗu ne. Chengdu tana wajen digiri 104, wato kusan minti 64 a baya. Yaron da aka haifa a can a wannan rana da ƙarfe 3:20 na yamma a agogon asibiti, in aka cire minti 64 aka ƙara kusan minti tara na bambancin rana da agogo a ƙarshen Satumba, ya koma wajen 2:25. Sa'arsa ba Biri ba ce, Akuya ce, da Xin a bisa. Ren ɗin da aka gina komai a kansa babu shi, wani ƙarfen ne ya zauna a gurbinsa. Waɗanda aka haifa tsakanin 1986 da 1991 kuma suna da ƙarin matsala, domin a shekarun nan ƙasar ta riƙa tura agogo gaba da awa ɗaya a lokacin zafi.

Sanyi da zafi, da inda ake juya ƙa'ida

Awon ƙarfi ba shi kaɗai ne hanya ba. Xu Lewu, wani malamin fannin, a shekarun 1930, ya jera hanyoyi biyar na zaɓen mai aiki, kuma wadda ta fi yawan saɓa wa awo ita ce ta yanayi. Yi da aka haifa a watan Ɓera, ga ruwa ko'ina, a lissafi uwa ta wadace shi. Amma ruwan tsakiyar hunturu ƙanƙara ne, ba ya raya komai; Bing ake nema, rana ta fito ta narka shi, ko da Maigida ba shi da ƙarfi sosai. Ji da aka haifa a watan Doki, wuta na haifarsa, amma ƙasar noma ce da ta ƙone, Gui take jira. A watannin tsananin sanyi da tsananin zafi yanayi yakan sha gaba. A watannin tsakiya awo ke ja. Har a jadawalin da muka duba, masu bin yanayi zalla za su nemi Ding tukuna ga Jia na watan Zakara. Sun isa ga wuta, amma ba ta hanyar mai ƙirge ba, kuma mai duba da ya ƙware zai tambaya ko itacen yana da saiwar da zai ɗauki nauyinta.

Wata hanyar ita ce gada. In sinadarai biyu masu gaba sun yi kunnen doki, ba a goyon bayan ɗaya, ana neman na tsakiya: ruwa tsakanin ƙarfe da itace, itace tsakanin ruwa da wuta. Wata kuma ita ce ta ciwo da magani, wadda ake dangantawa da Zhang Nan na zamanin daular Ming: a gano harafi ɗaya da ke ɓata jadawali, a nemi mai cire shi.

Ta biyar ita ce mafi haɗari, wato bi. Idan Maigida ba shi da saiwa ko ɗaya, ba uwa, ba ɗan'uwa mai amfani, sinadari ɗaya kuma ya mamaye ko'ina, sai a ce ya sallama ya bi mai rinjaye. Daga nan komai ya juya: hukuma ko dukiyar da ta rinjaye shi ita ce mai taimako, uwa da 'yan'uwa su ne masu cutarwa, don za su ta da gardamar da ba za a ci ba. Haka in sinadarin Maigida ne ya mamaye jadawali, ba a danne shi, bin sa ake. Tsakanin "mai rauni ƙwarai" da "mai bi" taku ɗaya ne, amma amsoshinsu kishiyoyin juna ne. Saiwa ɗaya mai kyau ko uwa ɗaya mai saiwa ta isa ta rushe bi, kuma ana ganin karan yang ya fi na yin wuyar sallamawa. 'Yan koyo suna saurin kiran jadawali mai bi don yana da ban sha'awa. A jadawalinmu Ren shi kaɗai ya rufe wannan ƙofa.

Akwai wani ruɗani na lafazi da ya kamata a sani. A wajen Shen Xiaozhan, Yong Shen daga reshen wata kaɗai ake fitar da shi, kuma yana nufin abin da tsarin jadawalin ya ginu a kai. A wajen na baya yana nufin sinadarin da ke daidaita Maigida. Masu duba biyu za su iya musu kan jadawali ɗaya na tsawon yini alhali kalmar ce kowa ke nufin abu daban da ita.

Abin da ake yi da amsar

Babban amfanin sanin mai taimako da mai cutarwa a wajensu shi ne karanta zangunan shekara goma-goma. Ana ɗauko su daga ginshiƙin wata, wato karan wata da reshensa: namiji na shekarar yang da mace ta shekarar yin suna tafiya gaba, sauran biyun baya. Shekarun farawa ana samunsu ta ƙirga kwanaki zuwa iyakar wata, kwana uku shekara ɗaya, kwana ɗaya wata huɗu. A misalinmu Geng yang ne. Namiji zai ƙirga gaba zuwa 8 ga Oktoba, kusan kwana goma, ya fara yana ɗan shekara uku da 'yan watanni. Mace za ta ƙirga baya zuwa 7 ga Satumba, kusan kwana ashirin da ɗaya, ta fara wajen shekara bakwai.

Zangunan namijin su ne Bing a kan Kare, Ding a kan Alade, Wu a kan Ɓera, Ji a kan Sa, Geng a kan Damisa, kuma kusan babu wanda ya zo fari fat ko baƙi ƙirin. Alade yana ba Jia saiwa da ruwa, amma Ding da ke kansa yana haɗuwa da Ren ya ɗaure mai aiki. Ɓera yana cika haɗin Biri da Ɓera da Dodo, ƙarfe mai yawa ya karkata ga ruwa, amma Wu da ke kansa shi ne babban mahari, ga kuma tambayar ko ruwan bai yi wa itace mai guntuwar saiwa yawa ba. Damisa ita ce saiwar da aka daɗe ana jira, sai dai ta zo da wani gatarin a kanta, ga Biri biyu suna jiran karo da ita.

Sauran amfanin na yau da kullum ne. Itace yana tafiya da kore da gabas, wuta da ja da kudu, ƙasa da rawaya da tsakiya, ƙarfe da fari da yamma, ruwa da baƙi da arewa. A suna kuma ana zaɓar harafin da ke ɗauke da alamar sinadarin; akwai ma haruffan da aka ninka alamar sau uku, kamar Miao mai ruwa uku, Sen mai itace uku, Yan mai wuta uku, da Xin mai ƙarfe uku (ba Xin na kara ba) wanda ake yawan gani a allunan shaguna. Yaron ƙarfe huɗu na yamma, mai ƙirge zai sa masa Yan, mai awo kuma Miao ko Sen. Na ƙarfe huɗu na asuba shi ne mai awo zai ba Yan.